Ɓera a rigar Dante: ya dace a mai da manyan littattafai zanen barkwanci?

Malamin Adabi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata al'ada da Italiyawa suka shafe fiye da shekara 70 suna yi, ina so mu tattauna a kanta. Suna da mujallar yara mai suna Topolino, wato sunan da suke kiran Mickey Mouse. A cikinta sukan ɗauko babban littafin adabi, irin wanda ake rubuta jarrabawa a kansa, su sake ba da labarinsa da zanen katun, ɓera da agwagi su zama taurari. Sun fara ne da littafin da suka fi girmamawa duk ƙasar, waƙar babban mawaƙinsu Dante, ɓangaren da ke bayanin wuta. Guido Martina ya rubuta, Angelo Bioletto ya zana, aka buga a fitowa shida daga Oktoban 1949 zuwa Maris ɗin 1950. Mickey ya fito a matsayin Dante, abokinsa Goofy kuma ya zama jagoransa Virgil.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne Martina bai tsaya ga zuba raha ba. A ƙarƙashin zanen ya tsara baitoci ƙwar uku da irin amsa-amon Dante sak, inda ɗangon tsakiya na kowane baiti ke haifar da amsa-amon baitin da ke biye. Duk wanda ya taɓa gwada rubuta waƙa ya san wahalar riƙe wannan sarƙa shafi bayan shafi. Ni a ganina mutumin da ya yi wannan wahala ba raini ya kai shi ba, sanin littafin ne da ƙaunarsa. Amma ina son jin ra'ayinku, musamman iyaye da malamai.

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Yaro abin da ya fara gani shi ke zama masa. Idan ya fara sanin Dante da kunnuwan ɓera, ranar da aka buɗe masa ainihin littafin a aji, ɓeran zai riƙa gani. Mutum ya yi shekaru yana gudun hijira daga garinsu, ya rubuta waƙa mai babi 100, ya rasu a 1321 bai sake taka Fulorans ba, sannan a zo a mai da aikinsa abin ƙyalƙyala dariyar 'yan firamare? Kasuwanci ne kawai. Marubucin ya mutu, ba mai neman haƙƙinsa, sai aka samu labari kyauta.

Mazaunin Italiya:
Baba, Allah ya ƙara girma. Bari in faɗi abin da nake gani a nan, tunda yarana a makarantunsu suke. A sakandare ba yaron da zai tsallake littafin Manzoni na masoya biyu da aka hana aure, haka kuma Dante ana bin sa kashi-kashi a shekarun ƙarshe. Dole ne, ba zaɓi. To shi littafin Manzonin har sau biyu aka yi masa irin wannan zane, na agwagi a 1976, na ɓeraye a 1989. Abin da na lura da shi a gidana, yarinyata ta shiga ajin ba ta jin tsoron littafin, don ta riga ta san wane ne mugun, wane ne matsoracin limamin coci, ina labarin ya dosa. Abin da ya rage mata shi ne fama da tsohon Italiyanci, wanda ko 'ya'yan ƙasar yana ba su wuya.

Kuma jerin yana da tsawo. Sun yi Don Kishot a 1956, Faust na Jamusawa a 1958, yaƙin Taroya na Girkawa a 1959, tafiyar Odisiyas a 1961. Giovan Battista Carpi ya zana Yaƙi da Zaman Lafiya na Tolstoy a 1986, ya dawo ya yi Les Misérables na Victor Hugo a 1989. Har yau ba su daina ba.

Baba Mai Ritaya:
Yawan yi ba ya mai da abu daidai, ɗana.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga manya. Mu a Nijar da fassarar Faransanci muka san su, a mujallar Mickey Parade, wajen masu sayar da tsofaffin littattafai. Lokacin ba mu ma san daga Italiya labaran suke fitowa ba. Na Victor Hugo da Yaya ya ambata, Kawu Scrooge, attajirin agwagwan nan marowaci, shi ne ya fito a matsayin Jean Valjean, tauraron littafin. Da muka zo karanta ainihin littafin a makaranta, zanen bai hana ni zubar da hawaye a kan Fantine, matar da ta sha wahala a labarin, ba. Kowanne da mazauninsa a zuciya.

Sannan Baba, da girmamawa, shi kansa Don Kishot da ake kira babban littafi, ai ba'a ce. Cervantes ya rubuta shi a 1605 don ya yi wa littattafan jarumai masu sulke dariya, waɗanda mutanen Sifen suka haukace a kansu a zamaninsa. Yau an manta da mafi yawan waɗancan, abin ba'ar ne ya rage.

Maman Ilham:
Ni tambayata ɗaya ce ga Yayanmu na Italiya. Waɗannan littattafai cike suke da kisa da mutuwa da cin amana. Yaya suke yi da su a mujallar yara?

Mazaunin Italiya:
Hajiya, cirewa suke yi, ko su musanya. Ba a mutuwa, ba a zubar da jini. Misali a 2012 Bruno Enna da Fabio Celoni sun yi Dracula. Zanen yana da ban tsoro ƙwarai, duhu da inuwa ko'ina, amma maimakon jini sai suka sa wata saiwar lambu mai jan ruwa da Turawa ke ci. A 2013 kuma Francesco Artibani da Paolo Mottura suka yi Moby Dick. A littafin Melville na 1851, farin kifin nan ƙafar kyaftin Ahab ya cire, shi ya sa ya rantse sai ya ga bayansa. A zanen, Kawu Scrooge ne kyaftin, abin da kifin ya haɗiye masa kuwa shi ne kwabonsa na farko, wanda ya fi so fiye da duk dukiyarsa.

Mai Zane:
To ni wannan na Moby Dick shi ne ya fi burge ni, kuma a nan gwanintar take. Ba su ɗora wa agwagwa hular kyaftin kawai suka ce ga Ahab ba. Sun zauna sun tambayi kansu: a cikin taurarinmu wane ne yake da zuciyar da za ta iya maƙalewa a kan abu ɗaya har ya manta da rayukan mutanen da ke ƙarƙashinsa? Amsa ita ce marowacin nan. Yaron da ke karanta mujallar ya riga ya san halinsa tun tuni, ya san yadda yake yi idan aka taɓa masa kwabo. Saboda haka ba sai an yi masa dogon bayani a kan ciwon da ke cin Ahab ba, daga shafin farko ya gane. Malami a aji sai ya yi mako yana neman hanyar da zai cusa wa ɗalibai wannan fahimta.

Baba Mai Ritaya:
Madalla, yanzu muka zo wurin. Ɗana Mai Zane, faɗa mini, yaya littafin Melville ya ƙare? Jirgin ya nutse. Kyaftin ya tafi, mataimakansa sun tafi, masu sukar kifi da matuƙa duk sun tafi, mutum ɗaya tak ya tsira ya ba da labari. Wannan shi ne littafin gaba ɗaya: shugaba guda ya bi son zuciyarsa, jama'a suka ga alamar halaka ƙarara amma suka kasa ce masa a'a, ya tafi da su ƙarƙashin ruwa. Duk shafukan da suka gabata hanya ce zuwa wannan wuri. Idan ka cire nutsewar, ka ce kowa ya koma gida lafiya, me ka koya wa yaro? Ka koya masa cewa taurin kan shugaba abin dariya ne da ba ya cin ran kowa. Mu da muka ga abin da muka gani a ƙasar nan mun san ba haka ba ne. Wannan ba taƙaita littafi ba ne, juya masa ma'ana ne.

Malamin Adabi:
Baba, wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da na taɓa ji a kan wannan al'ada. Gaskiya ne, akwai littattafan da mutuwa ce ƙashin bayansu, idan ka zare ta sai su zube. Inda nake tsayawa shi ne, zanen bai taɓa cewa shi ne littafin ba. Yaro ɗan shekara 9 ba zai karanta Melville ba ko da bulala. Zaɓin da ke gabansa ba tsakanin zane da littafi yake ba, tsakanin zane da rashin sanin komai yake. Idan ya kai 18 ya buɗe ainihin littafin yana zaton kowa zai tsira, sai jirgin ya nutse a gabansa, ina ganin dukan zai fi shigarsa.

Baba Mai Ritaya:
Idan ya buɗe. Nawa ne suke buɗewa?

Ɗalibar Lauya:
Baba, akwai wanda ya bi wata hanyar da nake ganin za ta fi kwanta maka. Wani Ba'amurke mai zane, R. Sikoryak, ya tara aikinsa a littafi ɗaya a 2009, shi kuma ba ya cire duhun. Ya ɗauki littafin Dostoyevsky na ɗalibin da ya kashe tsohuwa mai ba da bashi, ya zana shi da salon tsofaffin mujallun Batman, kisan yana nan yadda yake. Dalilin haɗin shi ne ɗalibin ya yarda akwai mutane na musamman da doka ba ta hau kansu ba, shi ma jarumin mai rufe fuska ai haka yake ɗaukar kansa. Sai ka gama karantawa ka rasa wa aka yi wa ba'a, littafin Rasha ko jarumin da yara ke tafa wa. Haka ya yi da labarin Kafka na mutumin da ya wayi gari ya zama ƙwaro, ya ba Charlie Brown matsayin, yaron nan da komai ya taɓa sai ya lalace. Amma fa na manya ne, wanda bai san littattafan ba ba zai ga abin dariya ba.

Almajirin Zaure:
Allah ya gafarta malamai. Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma wajibi ne a faɗa. Littafin Dante da aka buɗe zancen da shi, a babi na 28 na ɓangaren wuta ya yi ɓatanci ga Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sayyidina Ali. Duk mai yabon gwanintar waƙarsa ya san da wannan. Na biyu, wuta a wurinmu gaskiya ce da ake kuka idan an ambace ta. Mu da muka tashi da waƙoƙin wa'azi irin su Jan Mari da Baƙin Mari ba za mu zana azaba don yara su yi dariya ba. Su can addininsu ne da adabinsu, su suka san iyakar da suka sa wa kansu. Amma idan zancen zai kai ga a kwaikwaya a nan, to a san inda za a tsaya.

Malamin Adabi:
Allah ya saka da alheri, Malam. Ba mai jayayya a kan wannan, kuma ba wanda zai kawo shawarar a taɓa waƙoƙin wa'azi ko Infiraji. Abin da nake dubawa a wurin Italiyawan dabara ce, ba abin da suka zaɓa su yi wa dabarar ba. Su ma da alama sun ji nauyin abin. A ƙarshen labarin sun zana kansu su biyu, marubuci da mai zane, a can ƙasan wuta inda Dante ya ajiye maciya amana, ga Dante a kansu yana hukunta su don sun ci amanar waƙarsa, sai da Mickey ya roƙa musu afuwa da hujjar cewa sun faranta wa yara rai. Ka tuna shekara huɗu ke nan da gama yaƙin duniya na biyu, ƙasar tana cikin kango.

Maman Ilham:
Ni kuwa duk wannan bayani sai ya tuna mini da 'yan kama. Ai abin da suke yi ke nan tun kaka da kakanni. Su ɗauki karin waƙar babban mawaƙi, ko salon yadda malami ke jan baƙi yana fassarawa, su zuba zancen tuwo da nama da fura a ciki, jama'a su yi ta faɗuwa don dariya. Kuma ban taɓa jin wanda ya raina mawaƙin ba saboda ɗan kama ya kwaikwaye shi. Ai sai wanda ya shahara ake kwaikwaya.

Amma a nan damuwata take. Dariyar ɗan kama tana fitowa ne don kowa a wurin ya san waƙar asali. Yaran Italiya an tilasta musu sanin Dante, kakanninsu ma sun haddace baitocinsa. Namu fa? Na tambayi yaran gidana wane ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman, suka yi ta kallona. Idan ka yi wa Ruwan Bagaja zanen barkwanci yau, wa zai gane abin da ake juyawa? Ina tsoron zanen ya zama shi ne kaɗai abin da suka sani, kamar yadda Baba ya ce.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, ai ko hakan ya fi babu. Yanzu ma ba su san ko sunan ba.

Malamin Adabi:
Kuma kada mu manta Alhaji Abubakar Imam da kansa ɗan wannan sana'a ne ta wata fuska. Ruwan Bagaja da ya shigar gasar 1933, shi da bakinsa ya ce ya amfana da littafin labaran Larabci, Maƙamatul Hariri. Magana Jari Ce kuwa akwai labaran Dare Dubu da Ɗaya a ciki, akwai na Jamusawa, akwai na Indiya, ya sa musu riga da rawani har ba ka iya gane baƙi ne. Bala Abdullahi Funtuwa ya yi irin haka da Gandun Dabbobi a 1975. Ɗaukar labarin wani a sauya masa kaya ba sabon abu ba ne a adabinmu.

Mai Zane:
To Anti lauya, idan na ce zan zana Magana Jari Ce da barkwanci in sayar, doka za ta kama ni?

Ɗalibar Lauya:
Ƙanina, ka bi a hankali. A Najeriya haƙƙin mallakar littafi yana ɗorewa shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Imam ya rasu a 1981, ka ga da sauran tafiya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta yi sassauci ga kwaikwayon ba'a, amma sassaucin ba lasisi ba ne na kwashe littafi sukutum ka sa masa hotuna ka kai kasuwa. Hanya mafi tsafta ita ce neman izinin masu haƙƙin. Italiyawa sun huta da wannan ne don yawancin waɗanda suka taɓa sun daɗe da mutuwa.

A nan kuma maganar Baba ta kasuwanci tana da gindi. Kamfanin Disney, mai Mickey, da ya yi ta juya littattafan matattu, da wasu matasan masu zane a Amurka suka juya nasa ɓeran a 1971, a mujallar Air Pirates, kotu ya kai su, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya a 1978. Gaskiya zanen nasu na batsa ne da shaye-shaye, ba na kare shi. Shi kansa Mickey na farko, na fim ɗin 1928, sai ranar 1 ga Janairun 2024 ya fita daga ƙarƙashin haƙƙin mallaka a Amurka.

Mai Zane:
Na gode Anti. To ga abin da nake tunani tun ɗazu. Sirrin Italiyawan shi ne suna da taurari masu tsayayyen hali da kowane yaro ya sani: marowaci, mai saurin fushi, wawa mai kyakkyawar zuciya, mai wayo. Mu ma ai muna da su, kuma ba na kowa ba ne balle a kai mu kotu. Ga Gizo da Ƙoƙi, ga Kura da kwaɗayinta, ga Dila malamin daji, ga Zaki manyan dawa, ga Botorami. Yaron da bai san Zurƙe ba ya san Gizo. Sannan littafin da zan ɗauka ba sai na Imam ba, zan koma inda shi ma ya ɗebo. Hariri ya rasu tun 1122. Maƙama 50 ne, kowace labari ce mai zaman kanta, Abu Zaid yana sauya kama yana yaudarar jama'a da zaƙin baki, Harisu, mai ba da labarin, yana gano shi a ƙarshe. In sa Gizo a matsayin Abu Zaid, kowace maƙama shafi takwas.

Almajirin Zaure:
Wannan kam ba laifi, Maƙama adabi ce, a zaure ma don lugga ake karanta ta, kuma ana dariya a darasin. Ba kai ne farkon zana ta ba ma, Alwasiɗi ya yi mata hotuna a 1237, kwafin yana ɗakin karatu na ƙasa a Paris. Amma Gizo bai dace ba. Gizo tsamin baki gare shi, wayonsa na ciki ne da gudu. Abu Zaid kuwa makaminsa fasaha ce, mutum ne da zai tsaya gaban alƙali ya tsara magana har alƙalin ya buɗe jakarsa. Dila ne wannan. Harisu kuma ka nemi dabba mai yawan yarda da mutane, wadda za a yaudara yau gobe ta sake zuwa. Sharaɗina ɗaya: akwai ayoyi da hadisai da yawa a bakin Abu Zaid, kada ko ɗaya ya shiga bakin dabba a zane. Ka musanya su da karin magana.

Baba Mai Ritaya:
Ni ma ga nawa sharaɗin, shi ne dai wanda na faɗa a kan kifin. A maƙama ta 50, ta Basra, Abu Zaid tuba ya yi, tuba ta gaskiya, ya koma garinsu Saruja yana ibada yana kuka a kan abin da ya shuka. Idan za ka yi, ka kai Dilanka har can. Kada ka tsaya inda ake dariya ka bar yara da cewa mayaudari kullum shi ke cin riba.

Maman Ilham:
Kuma a rubuta a bangon baya daga wane littafi aka ɗauko, da ɗan bayanin marubucin, don yaron da abin ya burge ya san inda zai nema.

Mai Zane:
Duk na karɓa. Zan fara da ta farko, ta San'a, inda Harisu ya tarar da shi yana wa'azi jama'a na kuka suna ba shi kuɗi, ya bi shi a ɓoye har kogo, ya same shi gaban gurasa da gasasshen ɗan akuya da tulun abin sha. Malam Almajiri, Larabcina bai kai ba, zan riƙa turo maka kowane shafi kafin in sa tawada. Abin da ban warware ba shi ne wa zai zama Harisu. Tunkiya nake tunani.

Ɗan Maraɗi:
Tunkiya ba ta yawon duniya, Harisu kuwa falke ne, yau Bagadaza gobe Iskandariya. Raƙumi ko jaki za ka duba.

Almajirin Zaure:
Raƙumi. Harisu mai ilimi ne, yana gane kyakkyawar magana idan ya ji, shi ya sa ma ake kama shi da ita. Turo shafin farko bayan sallar Juma'a, in na taso daga karatu zan duba.